Maki 43 da Suka Sauka a Layin Wani

Ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawarmu ta ƙarshe a jami'a, cikin watan Yunin 2023, ban yi sammakon zuwa ba, domin a ganina babu abin da zan je nema a allon sanarwa sai tabbacin abin da na riga na sani. Sai bayan azahar na isa sashenmu na nazarin tattalin arziki, na tarar jama'a sun ragu, takardun suna jere a bayan gilashin da ya tsage ta gefe ɗaya. Ba a rubuta suna a irin wannan takarda, lambar rajista kawai ake sawa, saboda haka sai mutum ya ɗora yatsa a kan lambarsa ya bi layin a hankali zuwa dama. Na bi nawa, na wuce B, na wuce C, na wuce wani B ɗin, sai yatsana ya tsaya a ƙarƙashin darasin ƙididdigar tattalin arziki, inda na ga maki 35 da harafin F. Sau uku ina ɗaga yatsa ina sake farowa daga lamba, ko Allah ya sa idona ne ya zame zuwa layin wani, amma duk sau ukun a nan nake sauka.

Wanda bai yi jami'a ba zai iya cewa darasi ɗaya ne a cikin da yawa, me ya yi zafi. Abin da ya yi zafi shi ne darasin na wajibi ne, ba a ba mutum digiri sai ya ci shi, kuma a zango na biyu kaɗai ake koyar da shi. Da a aji biyu ko aji uku na faɗi, da sai na ɗauke shi a matsayin abin da ɗalibai ke kira kari-oba, in haɗa da darussan shekara mai zuwa in wuce. A ajin ƙarshe kuwa faɗuwa ɗaya tana nufin shekara guda cur, da sabon kuɗin rajista, da sabon kuɗin ɗaki, duk saboda jarrabawar sa'a uku.

Ni kuma shekara guda ba ƙaramin abu ba ce a wurina, domin ban shiga jami'a da ƙuruciya ba. Bayan sakandare sai da na sake zama jarrabawa sau biyu kafin in sami kiredit a Turanci da lissafi tare, sannan na yi wasu shekaru ina auna yadi a rumfar mahaifina a Kantin Kwari. Ina da shekara 24 na sami gurbi a 2018, a wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke wajen jiharmu. Karatun shekara huɗu ne a takarda, amma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ci wata uku daga Nuwamban 2018, ya sake cin wata tara a 2020 lokacin da annobar korona ma ta rufe makarantu, sannan ya ci wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ko bayan mun dawo sai da aka sake sallamarmu na mako uku saboda zaɓen 2023. Da aka haɗa duka, sai ga shi zan cika shekara 30 a watan Nuwamban 2023, alhali dokar bautar ƙasa ta ce wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya kammala digiri ba ya zuwa, sai dai a ba shi takardar shaidar an ɗauke masa. Na san wannan takarda ma ana neman aiki da ita, amma alawus ɗin naira 33,000 da ake ba masu bautar ƙasa duk wata a lokacin na riga na lissafa shi a matsayin jarina, kuma Umma ta daɗe tana cewa burinta ta gan ni cikin kakin nan.

A daren ban runtsa ba, lissafi nake yi. A sashenmu ana raba makin darasi gida biyu, 30 na gwaji da aikin gida, 70 na jarrabawa. Makin gwaji an riga an liƙa shi tun kafin jarrabawa, kuma na sami 24. Idan jimilla ta zama 35, to ke nan maki 11 na samu cikin 70, a jarrabawar da na amsa tambaya huɗun da aka nema har takardar amsa ta cika na karɓi ƙari. Ban taɓa ɗaukar kaina haziƙi ba, kuma da 30 aka ce na samu da na yarda, amma 11 makin wanda ya shiga ɗaki ya rubuta lambarsa ya yi 'yan zane-zane ya fito ne.

Da na koma Kano na faɗa wa Baba cewa ina so in rubuta takardar ƙorafi, sai ya ajiye almakashin da ke hannunsa ya dube ni kamar na ce zan kai limamin unguwa kotu. Mahaifina a zaure ya yi karatunsa, a gaban malamin da ba a ɗaga ido a kalle shi, kuma a wurinsa albarkar ilimi tana hannun wanda ya koyar da shi. Ya ce, "Malaminka za ka kai ƙara? Wanda ya shekara huɗu yana ba ka abin da ba ka da shi? Ka ɗauka ƙaddara ce, ka koma ka sake, abin da Allah ya rubuta naka ne ba zai wuce ka ba." Na ce, "Baba, ba cewa na yi ya zalunce ni ba, so nake a duba ko alƙalami ya yi kuskure." Ya yi shiru har na ɗauka maganar ta mutu, sai bayan isha'i ya kira ni ya ce ya amince, amma da sharaɗi ɗaya, wato kada malamin ya ji labarin daga bakin wani ko daga takarda, in je da ƙafata in gaishe shi in faɗa masa tukuna.

Abokan karatuna kuwa ba ladabi ne ya dame su ba, tsoro ne. Kowa yana da labarin wani da ya ja da lakcara ya ƙare bai fita da digiri ba, kodayake idan ka tambayi sunan mutumin sai a ce ai a wani sashe ne, shekarun baya. Suka ce wanda ya taɓa malami ɗaya ya taɓa sashe gaba ɗaya, kuma tunda a hannunsu zan dawo idan ƙorafin ya faɗi, gara in haɗiye. Wannan tsoro, a fahimtata, ya fi kowace doka hana ɗalibai neman haƙƙinsu, domin doka ita kam ta ba da hanya. Na gano haka ne lokacin da na tono littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana ranar rantsuwa a aji ɗaya, wanda tun ranar ban buɗe shi ba. A ciki an rubuta cewa ɗalibin da bai gamsu da makinsa ba yana iya neman a sake yi wa takardarsa maki, idan ya rubuta cikin 'yan makonni da fitar sakamako, ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ya kuma biya kuɗi, sai a aika takardar ga wani malami na wata jami'a tare da tsarin amsoshin da aka yi maki da shi. A ƙarƙashin wannan akwai jan kunne cewa wanda aka samu ya yi ƙorafin banza don ɓata sunan malami zai iya fuskantar hukunci. Kuɗin ya kai abin da nake ci a wata biyu a makaranta, a lokacin da cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu ya sa litar fetur ta haura naira 500, kuɗin mota daga Kano ya ninka.

Na cika sharaɗin Baba. Na sami Dakta, malamin darasin, a ofishinsa da hantsi, dattijo mai furfura wanda duk muke shakka saboda ba ya wasa da lokaci, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta malam, na zo ne a kan sakamakona, ina ganin kamar akwai abin da ya kamata a duba." Bai ɗago daga abin da yake karantawa ba ya ce, "Duk ɗalibin da ya faɗi yana da yaƙinin ya ci. Shekara ashirin ina jin wannan magana." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi makin gwajina, na faɗa. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce takardu sun bar hannunsa, suna wurin jami'in jarrabawa, in je in rubuta, haƙƙina ne, amma in sani cewa shi ba ya ƙara wa kowa maki don ya durƙusa masa. Na fito gwiwata tana rawa, ban san ko izini aka ba ni ko gargaɗi ba.

Jami'in jarrabawa na sashen matashin malami ne, kuma shi ya koya mini abin da ban gani a littafin dokoki ba. Ya ce abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai neman a sake maki, wanda ma'anarsa kana cewa malami bai auna amsarka daidai ba, shi ne mai kuɗi, mai ɗaukar watanni, kuma shi ne ke ɓata rai. Akwai kuma neman a duba, wato a fito da takardarka a ga ko an yi wa kowace tambaya maki, ko an haɗa jimilla daidai, ko takardar ƙari tana nan ba ta ɓalle ba, ko abin da ke bangon takarda shi ne abin da aka shigar a jadawalin maki. Wannan a cikin sashe ake yinsa, kuma ya ce yawancin kurakuran da ya taɓa gani a nan suke. Na nuna masa takardar da na rubuta a gida, mai shafi biyu, cike da labarin shekaruna da halin da iyayena ke ciki. Ya karanta ya miƙo mini ya ce, "Malam, wannan kuka ne. Shugaban sashe ba zai iya sa hannu a kan kuka ba. Rubuta lambarka, da lambar darasi, da ranar jarrabawa, da makin gwajinka, da yawan tambayoyin da ka amsa, da cewa ka karɓi takardar ƙari kuma ka sa hannu a takardar halarta. Kada kalmar zalunci ta fito ko sau ɗaya." Sabuwar takardar layi tara ce. Na yi mata kwafi biyu, na sa sakatariyar sashe ta buga hatimin karɓa a kan nawa.

Daga nan sai jira, wanda ba shi da wani labari sai zirga-zirga. Shugaban sashe ya yi tafiya, ya dawo ya sa hannu, mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ba shi da lafiya, aka ce in dawo Litinin, Litinin ta zama Alhamis. Na bar zuwa Kano na tare a ɗakin wani abokina, ina ƙirga kwanaki, domin sakamakon da ke allo na wucin gadi ne, sai ya bi ta taron malaman sashe da na tsangaya kafin majalisar malaman jami'a ta amince da shi, kuma ranar wannan amincewa ita ce ranar kammala digirin mutum. Gyara kafin majalisa ta zauna abu ne mai sauƙi, gyara bayan ta zauna kuwa sai an sake bin matakan tun daga tushe.

Kwana goma sha tara da miƙa takardata aka buɗe ɗakin ajiya. Ba a bar ni na shiga ba, a bakin ƙofa na tsaya, kuma an gaya mini ko an fito da takardata ba zan taɓa ta ba. Ɗaki ne ƙarami marar taga, takardun shekaru a jibge har kusa da rufi, kowane darasi an ɗaure shi da igiya an manna masa 'yar takarda, ƙura ta mayar da na ƙasa launin ƙasa. Jami'in jarrabawa da wani malami da shugaban sashe ya wakilta suka sauko da ɗaurin darasinmu, takardu sama da ɗari uku, suka kwance a kan tebur suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Daga inda nake na gane tawa tun kafin su karanta lamba, saboda jan zaren da na ɗaure takardar ƙari da shi. A bangonta akwai maki huɗu a jere da jan biro, a ƙasansu an kewaye 43.

Na ji kamar in zauna a ƙasa. Maki 43 da 24 sun zama 67, wato B. Amma na lura jami'in jarrabawa bai yi murmushi ba, ya jawo jadawalin maki yana bin sa da bayan biro, ya tsaya a wani wuri, ya ce wa abokin aikinsa wani abu a hankali, suka koma cikin ɗaurin suna nema. Takardar da suka zaro siririya ce, ba ƙari, a bangonta an kewaye 11. Lambata tana ƙarewa da 147, ta mai wannan takarda tana ƙarewa da 174. Wajen kwashe maki daga bangon takardu zuwa jadawali aka sa nawa a layinsa, nasa a layina.

Sai a lokacin na fahimci cewa makin da nake nema ba ɓata ya yi ba, yana hannun wani, kuma na san mutumin. Magidanci ne ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya biyu, yana aiki a wata ƙaramar hukuma yana karatu, sau da yawa sai ya rasa lacca ya ari littafina ya kwafa. Makin gwajinsa 17 ne, da 43 nawa ya tashi da 60, ya ga B a allo, ya tattara kayansa ya koma gida a matsayin wanda ya gama. Da nasa na gaskiya kuwa 28 yake da shi. Na tambayi jami'in jarrabawa, kuma har yau ina jin kunyar tambayar, ko za a iya gyara nawa a bar nasa yadda yake. Ya ce, "Takarda ɗaya ce ta sami 43. In na bar ta a layi biyu, ni ne na yi maguɗin jarrabawa, ba kuskure ba kuma."

Washegari Dakta ya aiko a kira ni. Wannan karon shi ya fara magana, ya ce in tashi in zauna a kujera, na ƙi, ya nace. Ya ce kuskurensa ne, ya riga ya cika takardar gyara ya sa hannu, kuma in yafe masa kwanakin da na yi cikin damuwa. Ban san abin da ake cewa dattijo idan ya nemi gafarar yaro ba, sai na ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Bai kawo uzuri ba, amma ni na san uzurin, domin an matse zango biyu a cikin 'yan watanni don a cike giɓin yajin aiki, malaman ba a biya su albashin watannin yajin ba a lokacin, kuma mutum ɗaya ne ya yi wa takardu ɗari uku maki ya kuma kwashe su da hannunsa cikin wa'adin da aka ba shi. Inda nake ganin laifi shi ne tsarin da ya bar mai yin maki ya zama shi ne mai shigarwa, ba tare da wani ya zauna ya karanta masa lamba da maki yana dubawa ba, aikin da bai fi na yini ɗaya ba. Da na bi shawarar abokaina na yi shiru, babu wani mataki a gaba da zai kama wannan kuskure, tunda duk tarukan da sakamako ke bi jadawali suke dubawa, ba takardun amsa ba.

Gyaran ya shiga kafin taron tsangaya, majalisa ta amince da sakamakonmu a watan Agusta, saura wata uku in cika 30. Baba da na gaya masa bai ce komai a kan makin ba, abin da ya tambaya shi ne ko na koma na yi wa Dakta godiya. Amma farin cikin bai zo mini cikakke ba. Labari ya bazu a cikin ajinmu, kuma yadda ya bazu shi ne wane ya kai ƙara an kayar da wane. Wasu suka daina amsa sallamata a zauren WhatsApp na aji, wani ya rubuta, ba tare da ya kama suna ba, cewa akwai masu hawa kan wuyan 'yan'uwansu don su tsallake. Na ɗauki waya sau da yawa in kira mutumin, in ajiye, domin ban san ko haƙuri zan ba shi ko bayani zan yi masa ba, kuma kowanne na zaɓa sai in ga kamar ƙarin ciwo ne. Na tafi bautar ƙasa a ƙarshen shekarar ban kira shi ba.

Sai a 2024, da na sami hutu na je makaranta karɓar takardar shaidar digirina, na gan shi zaune a kan benci a ƙofar ofishin sashe, da fayil a cinyarsa, ya zo sa hannun sallama bayan ya sake darasin. Babu hanyar kaucewa, na je na yi masa sallama na ce, "Yaya, ina wuni." Ya amsa, ya matsa ya ba ni wuri. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi inda aka tura ni, sannan shiru ya biyo baya har na fara haɗa kalmomin da na shekara ina haɗawa. Ya riga ni. Ya ce, "Ka san tun ranar da na ga B ɗin nan na san ba nawa ba ne? Tambaya ɗaya da rabi na amsa, ɗana yana asibiti a makon. Na tsaya a gaban allon nan na ce ko dai Dakta ya ji tausayina ne, ko kuma makin wani bawan Allah ne, na roƙi Allah ya sa na farkon ne, na tafi ban tambaya ba." Ya ce watanni ya yi yana jin haushina, ba don yana ganin na yi laifi ba, sai don ba shi da wanda zai ji haushi.

Na tambaye shi abin da ya samu a wannan karon. Ya buɗe fayil ya nuna mini, 52, C. Ya ce kafin ya yarda sai da ya je wurin jami'in jarrabawa ya roƙe shi ya duba masa bangon takardar, a tabbatar lambar 174 ce. Sakatariya ta leƙo ta ce shugaban sashe ba zai dawo ba sai bayan la'asar, sai muka tashi muka nufi wurin mai shayi a bakin ƙofar makaranta, inda muka yi ta jayayya a kan wanda zai biya, har ya ce shi ne babba, na ƙyale shi.